Kakar Farko ta Matashin Ɗan Besbol a Ƙananan Gasannin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙwallon ƙafa ba abin mamaki ba ne a ga ɗan shekara 17 yana buga wa babbar ƙungiya wasa. Besbol ba haka take ba. Ko miliyoyin daloli aka biya yaro ranar da ya sa hannu, galibi sai an tura shi ƙananan gasanni ya yi shekaru yana hawa mataki bayan mataki kafin ya taka filin babbar gasa, wato MLB. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi farkon wannan tafiya, kuma mun ɗauki Derek Jeter na New York Yankees a matsayin babban misali, domin kakarsa ta farko tana nuna kusan duk abin da kan lalace wa matashi.

Matakai nawa ne tsakanin sa hannu da babbar gasa?

Tun bayan garambawul na 2021, kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na MLB tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu masu buga cikakkiyar kaka. Daga ƙasa zuwa sama su ne Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, jimilla ƙungiyoyi 120 ke nan. Biyun farko suna buga wasa 132 a kaka, Double-A 138, Triple-A kuma 150. A ƙarƙashinsu akwai gasannin sababbin shiga, waɗanda ake yi a sansanonin horo na Arizona da Filorida, da kuma gasar bazara ta Jamhuriyar Dominika.

Babbar ƙungiya ce ke biyan albashin 'yan wasa da masu horarwa, ita ce kuma ke cewa wane zai hau, wane zai sauka. Saboda haka kocin ƙaramar ƙungiya ba cin wasa ne babban aikinsa ba. Idan aka ce masa mai jifa kaza kada ya wuce jifa 70, to zai cire shi a kan 70 ko da wasan zai suɓuce.

Ta wace ƙofa yaro ke shiga?

Ƙofa biyu ce. Yaran Amurka, Kanada da Puerto Rico suna shiga ta zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a watan Yuli, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar yara bi da bi har zagaye 20, ko dai bayan kammala sakandare ko bayan wasu shekaru a jami'a. Yaran sauran ƙasashe, galibi Dominika da Benezuwela, ana iya sa musu hannu tun suna shekara 16, kuma ranar 15 ga Janairu ake buɗe wannan kasuwa kowace shekara.

Kuɗin sa hannu ya bambanta ƙwarai. Paul Skenes, wanda Pittsburgh Pirates ta ɗauka na ɗaya a 2023, ya karɓi dala miliyan 9.2. Ɗalibin da ya gama jami'a, wanda ba shi da inda zai koma, yakan sa hannu a kan 'yan dubbai kaɗan. Dukansu biyu mota ɗaya za su shiga, amma ba haƙuri ɗaya za a yi da su ba: wanda aka zuba wa kuɗi ana ba shi dama sau da yawa kafin a haƙura da shi.

Ban saba da wasan ba. Me zan riƙe don in fahimci alkaluman?

Mai jifa yana tsaye a kan tudu, mita 18.44 daga mai bugu. Idan mai bugu ya rasa jifa uku masu kyau, ya fita. Idan mai jifa ya kauce wa yankin da aka ƙayyade sau huɗu, mai bugu ya samu tafiya kyauta zuwa zangon farko. Zanguna huɗu ne, tsakanin kowane biyu mita 27.4, kuma sai an zagaye su an dawo gida ake samun maki.

Matsakaicin bugu shi ne yawan bugun da ya kai mutum zango lafiya, a raba da yawan tsayuwarsa, ban da waɗanda ya samu tafiya kyauta. Mai .300 yana samun uku cikin goma, kuma wannan gwani ne. Mai .250 na tsaka-tsaki ne a wasan. Wanda ya gangara ƙasa da .200 kuwa aikinsa yana cikin haɗari.

Yaya kakar farko ta Jeter ta kasance?

Da ƙyar. Yankees ta ɗauke shi na shida a zaɓen 1992 daga makarantar sakandare a Kalamazoo ta jihar Mishigan, ta biya shi dala 800,000, ta tura shi Tampa, gasar sababbin shiga ta Gulf Coast. Yana da shekara 18, dogo siriri, nauyinsa kilo 71 kacal. A ranarsa ta farko ya tsaya bugu sau bakwai bai samu ko ɗaya ba, biyar daga ciki an fitar da shi da jifa uku. Ya gama wasa 47 da matsakaicin .202, har kocinsa Gary Denbo ya ajiye shi a benci a wasan ƙarshe don kada alkalamin ya faɗi ƙasa da .200. Kewar gida ta dame shi sosai. Kullum yana kiran iyayensa, har kuɗin wayarsa ya riƙa kaiwa dala 400 a wata.

Ya kamata a san irin wurin da wannan ke faruwa. Wasannin wannan gasa da tsakar rana ake yin su, cikin zafi da gumin Filorida, a filayen bayan sansani inda kusan babu ɗan kallo sai masu leƙen 'yan wasa da agogonsu a hannu. Yaron da jiya duk garinsu ke tafa masa, yau babu mai kiran sunansa sai koci.

A ƙarshen kakar an ɗaga shi zuwa matakin Single-A a Greensboro ta Karolaina ta Arewa don ya ƙara samun wasanni. Ya yi kuskure tara wajen tsaron fili a wasa 11. A 1993 ya koma can ya yi cikakkiyar kaka: bugunsa ya gyaru zuwa .295, amma ya yi kuskure 56 a tsaron fili, abin da ya kafa tarihi a gasar South Atlantic da Greensboro ke bugawa.

Kuskure 56 a kaka ɗaya, me ya sa ba a sauya masa wuri ba?

Domin masu kallonsa kullum sun ga daga ina kurakuran ke fitowa. Jeter yana tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, wurin da ƙwallo ta fi yawan bi kuma jifa ya fi nisa. Mai gudu na tsaka-tsaki yana isa zangon farko cikin kimanin daƙiƙa 4.3, to a cikin wannan ɗan lokaci ne mai tsaro zai karanci ƙwallo, ya tarbe ta, ya cire ta daga safar hannu, ya daidaita ƙafa, ya jefa. Kurakuran matasa a wannan wuri kusan iri ɗaya ne:

Na farko, tsayawa a jira ƙwallo. Ƙwallon da ke tsalle a ƙasa ana son a kama ta ko dai nan take bayan ta taɓa ƙasa, ko lokacin da take saukowa daga sama. Wanda ya tsaya cak, ƙwallo ce za ta zaɓa masa tsallen tsakiya, wanda ke cin ƙirji ko wuyan hannu. Na biyu, janye safar hannu zuwa ciki maimakon a ajiye ta a gaba inda ido ke ganinta. Na uku, jifa ba tare da ƙafa ta nufi zangon farko ba, sai ƙwallo ta karkata. Na huɗu, riƙo: idan yatsu biyu ba su hau kan ɗinkin ƙwallo a gicciye ba, za ta lanƙwasa a hanya.

Duk waɗannan ana koyar da su. Abin da ba a iya koyarwa shi ne saurin taku na farko, ƙarfin hannu, da son ƙwallo ta zo wurinka bayan ka ɓata ta baya. Akwai kuma abin da alkalami ba ya nunawa: mai tsaron da ke isa ga ƙwallayen da wasu ba sa ko taɓawa, shi ya fi samun damar yin kuskure. Filayen ƙananan gasanni ma ba su kai na babbar gasa laushi ba, mai tsaron zangon farko kuma shi ma koyo yake yi, ba kasafai yake ceto jifan da ya taɓa ƙasa ba. Shi ya sa a kakar da ya yi kuskure 56 ɗin, kococin gasar suka zaɓe shi a matsayin matashin da ya fi kowa alamar kaiwa babbar gasa.

Bayan kakar, aka tura shi sansanin gyara, inda koci Brian Butterfield ya yi makonni yana gara masa ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, yana gyara masa taku da riƙo. A 1994 kurakuransa sun ragu da fiye da rabi, ya buga .344, ya saci zango 50 (wato rugawa zango na gaba yayin da mai jifa ke jifa), ya haye matakai uku a kaka guda: Tampa (High-A), Albany-Colonie (Double-A), sannan Columbus (Triple-A).

Me ya fi ba sabon mai bugu wahala?

Sanda tukuna. A makarantun Amurka da sandar ƙarfe ake wasa, ita kuwa tana yafe laifi: ko ƙwallo ta sami kusa da hannu tana iya wuce masu tsaron ciki. A wasan ƙwararru sandar katako ce, tsawonta yawanci santimita 84 zuwa 86, nauyinta kusan giram 900, kuma wurin da ke tura ƙwallo da ƙarfi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙwallo mai gudu ta sami kusa da mariƙi, sanda ta karye, hannu ya yi tsami. Yaron da ya saba da dogon lilo dole ya gajarta shi.

Sai jifa mai lanƙwasa. A sakandare mai jifa ɗaya cikin da yawa ne ke da gudun gaske. A nan kusan kowa yana kaiwa kilomita 145 zuwa 155 a awa, ƙwallo tana isa cikin kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Don ya cim ma wannan gudu, mai bugu yakan fara lilo da wuri, a nan ne kuma jifa mai lanƙwasa ke cin sa: tana fitowa kamar madaidaiciya, sai ta zube ƙasa da waje bayan ya riga ya saki jiki. Da zarar masu jifa sun gane yaro yana bin irin wannan, labari ya bazu, ba zai ƙara ganin wata ba sai ya daina. Maganin da ake ba shi shi ne injin jifa da aka saita a kan lanƙwasa, yana tsaye babu lilo, yana faɗin "ciki" ko "waje" kafin ƙwallo ta iso, da kuma ƙa'idar cewa kafin ya rasa jifa biyu, yanki ɗaya kawai zai jira.

Na uku shi ne wasa kullum. Ɗan sakandare bai taɓa buga wasa shida a mako na wata biyar ba. Da yawa suna farawa da ƙarfi a Afrilu, zuwa Agusta sun rame, ƙafafu sun yi nauyi, sanda tana makara.

Idan matsakaicin bugu yana ruɗi, me ƙungiya ke dubawa?

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a besbol sai an san abin da za a duba a Larabar. Ɗauki mai tsayuwa 100 da bugu 25, wato .250. A ce ƙwallaye uku marasa ƙarfi sun faɗi tsakanin masu tsaro, ya koma .280 ba tare da ya canza komai ba. Matsakaicin bugu yana buƙatar tsayuwa ɗaruruwa, fiye da na kaka guda, kafin a dogara da shi. Ga abin da ya fi saurin faɗin gaskiya.

Shekaru idan aka gwada da matakin. Matsakaicin ɗan Single-A yana wajen shekara 21, na Double-A wajen 24. Ɗan 19 mai .260 a Single-A ya fi ɗan 23 mai .310 a wuri guda daraja, nesa ba kusa ba. A ganinmu wannan ne abu na farko da mai bibiya ya kamata ya duba, kuma shi ne aka fi mantawa.

Yawan fita da jifa uku da yawan tafiya kyauta. Waɗannan suna daidaita da wuri, cikin makonni kaɗan. Wanda ake fitarwa fiye da sau 30 cikin 100 a ƙaramin mataki yana da matsalar da manyan matakai za su ƙara tonawa. Sannan ƙarfin fitar ƙwallo daga sanda, wanda na'urori ke aunawa a kowane bugu, da yawan bin jifan waje.

Filin wasa ma yana da tasiri. A garuruwa masu tudu irin su Albuquerque, Reno da Salt Lake City iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, alkaluman masu bugu suna kumbura. A gasar jihar Filorida akasin haka ne. A tsakiyar Amurka kuwa sanyin Afrilu yana daskarar da hannun yaron da ya taso a Dominika.

Masu leƙen 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa, a kan abubuwa biyar: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin jifa. Sukan rubuta maki biyu, na yau da wanda suke hasashe.

Yaya yini ɗaya yake?

Ana buga wasa shida da abokan hamayya ɗaya, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu ko tafiya a mota. Idan wasa na ƙarfe bakwai na yamma ne, 'yan wasa suna fili tun wajen ɗaya ko biyu na rana: ɗaga ƙarfe, aikin gyara na mutum ɗaya da koci, kallon bidiyon mai jifan da za a fuskanta, atisayen tsaro, atisayen bugu, abinci, sannan wasa. Ba a cika kwanciya kafin tsakar dare ba. Yaran da suka zo daga ƙasashen Sifaniyanci suna da ƙarin darasin Turanci, kuma ga wanda bai iya ko sayen abinci da kansa ba, wannan darasi yana da nauyin atisayen bugu.

Masu jifa fa, daidai ake tafiyar da su?

A'a, da su an fi taka tsantsan. A ƙananan matakai mai fara jifa yakan fito sau ɗaya a mako, ana tsayar da shi tsakanin jifa 60 zuwa 80, wani lokaci a haɗa shi da wani su raba wasa. Yawan jifan da zai yi a shekara ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Dalili shi ne jijiyar cikin gwiwar hannu, wadda jifa mai ƙarfi ke ja har ta tsinke. Gyaranta shi ne tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, kuma dawowa daga ita yana cin wata 12 zuwa 18.

Akwai kuma umarnin da ke ɓata alkaluma da gangan. Za a ce wa yaro dole ya jefa jifan yaudara, mai kama da madaidaici amma a hankali, sau 15 a wasa, ko da ana dukan sa. Zai iya cin 'yan Single-A da gudu kaɗai, amma mai fara jifa da ba shi da nau'in jifa na uku ba ya jure haɗuwa ta uku da masu bugun babbar gasa a wasa ɗaya. Duk wanda ya ga an ci irin wannan yaro maki biyar ya yanke hukunci, bai san aikin da aka sa shi ba.

Nawa ake biyansu?

Kafin 2023 albashin ya yi ƙasa ƙwarai: dala 4,800 a shekara ga sababbin shiga, 11,000 a matakan A, 13,800 a Double-A, 17,500 a Triple-A, kuma ba a biyan lokacin atisayen bazara. 'Yan wasa biyar ko shida sukan cunkushe a gida ɗaya a kan katifun iska. Daga 2022 ƙungiyoyi suka fara ba da masauki, a 2023 kuma aka sa hannu a yarjejeniyar ƙwadago ta farko, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 19,800, 26,200, 27,300, 30,250 da 35,800 daga ƙasa zuwa sama. Mafi ƙarancin albashin babbar gasa a 2024 dala 740,000 ne.

Yaushe ake ɗaga yaro mataki?

Lokacin da matakin ya daina koya masa wani abu. Ba a duba mako biyu masu zafi. Ana duba ko ya cika abin da aka rubuta masa a farkon kaka, da yadda ya yi lokacin da masu jifa suka gan shi karo na biyu suka sauya masa dabara. Tsallen da ya fi tace mutane shi ne zuwa Double-A, inda masu jifa ke iya sa jifa mai lanƙwasa a cikin yanki ko da jifan da suka kauce wa yanki sun fi masu kyau yawa. Wanda ya yi kyau a can ana iya kiransa babbar gasa kai tsaye.

Babu tsayayyen lokaci. Skenes ya fara MLB ranar 11 ga Mayu 2024, ƙasa da shekara guda bayan zaɓensa. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya sa hannu da Pirates a 2008, sai 26 ga Afrilu 2017 ya zama haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya buga a MLB. Lissafin kujeru ma yana da tsauri: kowace ƙungiya tana iya riƙe 'yan ƙananan gasanni 165 a cikin Amurka, wato 4,950 gaba ɗaya, kujerun babbar gasa kuwa 26 ne sau 30, wato 780.

Me ya sa wani lokaci ake jinkirta kiran wanda ya riga ya shirya?

Saboda lissafin kwanakin aiki. Kwana 172 a babbar gasa su ne shekara ɗaya, kuma sai ɗan wasa ya cika shekara shida yake samun 'yancin sayar da kansa ga kowace ƙungiya. A 2015 Chicago Cubs ta ajiye Kris Bryant a Triple-A har 17 ga Afrilu, ya gama kakar da kwana 171, ƙungiyar ta samu ƙarin shekara guda a kansa. Ya kai ƙara bai yi nasara ba. Mu dai muna ganin wannan ɗabi'a tana cutar ɗan wasa da 'yan kallo baki ɗaya. Yarjejeniyar 2022 ta rage ta, ta hanyar ba ƙungiya ƙarin gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa idan ta fara kaka da fitaccen matashi kuma ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa, kamar yadda Seattle Mariners ta samu da Julio Rodríguez.

Akwai kuma agogon da ke matsa wa ƙungiya. Wanda ya sa hannu yana 18 ko ƙasa, dole a shigar da shi jerin 'yan wasa 40 da babbar ƙungiya ke keɓe wa kanta cikin kaka biyar, mai 19 ko sama cikin huɗu. Idan ba a yi ba, wata ƙungiya tana iya ɗauke shi a watan Disamba a kan dala 100,000, da sharaɗin ta riƙe shi a babbar gasa tsawon kaka ko ta mayar da shi a kan rabin kuɗin.

Idan aka kira shi sannan aka mayar da shi ƙasa, ya gaza ke nan?

Ko kusa. Doka ma ta tanadi haka: ɗan jerin 40 yana da shekaru uku da za a iya hawa da sauka da shi ba tare da wata ƙungiya ta samu damar ɗauke shi ba, sau biyar a kaka ɗaya. Jeter ya fara babbar gasa ranar 29 ga Mayu 1995 a Seattle saboda raunin da Tony Fernández da Pat Kelly suka ji, ya tsaya sau biyar babu bugu, bayan wasa 13 aka mayar da shi Columbus. A 1996 ya buga .314, ya zama gwarzon sabon ɗan wasa, Yankees ta ɗauki kofi. Mike Trout, wanda ya buga .362 a Cedar Rapids, matakin Single-A, a 2010, an kira shi Los Angeles Angels yana shekara 19 a Yulin 2011, ya gama da .220 a wasa 40. Ya fara 2012 a Salt Lake, matakin Triple-A, ya buga .403 a wasa 20, aka dawo da shi a ƙarshen Afrilu, shi ma ya lashe wannan kyauta.

Wanda aka mayar yakan tafi da takamaiman aiki guda ko biyu, misali daina bin jifan sama mai gudu, ko iya sa jifan farko a cikin yanki. Mai bibiya ya duba wannan aikin a wasannin Triple-A da suka biyo baya, ya kuma duba ko har yanzu ana sa shi wasa kullum a wurinsa na asali. Idan aka fara yawo da shi daga wuri zuwa wuri a fili, alama ce cewa ƙungiya ta koma shirya shi don zaman benci.